Ko Ka Sani? Injin Ɗab'i Ne Ya Sa Hulk Ya Zama Kore

Duk wanda ya san Hulk, ƙaton nan na kamfanin Marvel da ke farfasa gini idan ransa ya ɓaci, da koren jiki ya san shi. Amma a fitowarsa ta farko a mujallar labarin zane, ta watan Mayun 1962, ruwan toka ne. Haka Stan Lee ya so shi. Lee ne marubucin labarin, shi ne kuma editan kamfanin, Jack Kirby ya yi zanen, Stan Goldberg ya zaɓi launuka. Dalilin Lee shi ne ruwan toka ba ya nuna wani jinsin mutane.

Sai mujallar ta dawo daga maɗaba'a, Hulk ya ƙi zama iri ɗaya. A wannan shafi ya yi haske, a wancan ya yi duhu, a wani wurin har ya ɗauko kore-kore.

Matsalar tana cikin yadda injin yake aiki. Tawada huɗu kacal gare shi: shuɗiya, ja, rawaya da baƙa, kowace da farantinta, takarda kuma tana bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya da gudu. Baƙar ita ke fitar da layin zane da rubutu. A wancan zamani, sauran ukun ana zuba kowace ko dai cikakkiya, ko rabi, ko rubu'i, ko a bar wurin fayau. Idan ka lissafa, launi 64 ke nan, babu ƙari. Rabin da rubu'in ma ba sirka tawadar ake yi ba, ɗige-ɗige ne ƙanana ake jerawa. Ɗora gilashin ƙara girma a kan kumatun wani jarumi a tsohuwar mujalla, za ka ga jajayen ɗigo a jere bisa farar takarda. Ido ne ke haɗa su daga nesa. A lokacin, da hannu ma'aikata ke ware waɗannan launuka, shafi bayan shafi, takardar kuwa irin ta jarida ce mai araha da ke shan tawada, domin santi 12 ake sayar da mujallar a wancan zamani.

Ruwan toka yana bukatar tawadun su zo daidai wa daida, ɗaya ta ɗan rinjaya shi ke nan ya sauya. Kore kuwa shuɗi ne da rawaya, ko an samu ɗan bambanci yana nan a korensa. Daga fitowa ta biyu Lee ya mayar da Hulk kore, bai tsaya yi wa masu karatu dogon bayani ba. A ganina ya yi daidai, domin editan da bai san halin injinsa ba, masu saye ne za su ga aibin a hannunsu. A 1986 kuma aka dawo da Hulk mai ruwan toka cikin labarin.

Akwai kuma inda Lee ya ƙi sassautawa, kuma wannan ya fi burge ni. A 1963 shi da Kirby suka fito da labarin Sajan Nick Fury da rundunarsa a Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin sojojin akwai Gabe Jones, baƙar fata, a zamanin da da wuya ka ga baƙar fata a irin waɗannan mujallu yana da mutunci daidai da kowa. Masu ware launuka suka ɗauka kuskure aka yi, suka ba shi launin Bature a fitowar farko. A nan injin bai gaza ba, zaton mutane ne ya shiga aikin. Lee ya rubuta musu takarda yana jaddada cewa Jones baƙi ne, haka kuma za a buga shi, aka kuwa gyara a mujallun da suka biyo baya.