Me ke sa ciki ƙugi idan an ji yunwa? Yadda sinadarin motilin da jijiyoyi ke tafiyar da hanji

Duk wanda ya taɓa yin azumi, ko ya fita kasuwa ko gona bai karya ba, ya san ƙugin da ciki ke yi idan rana ta take. Wani lokaci a sahun sallah ne ko a cikin aji, har na kusa ya ji. Mutane kan ce yunwa ce, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ƙarar tana fitowa ne daga wata shara da tumbi da ƙaramin hanji ke yi wa kansu idan abinci ya wuce, inda suke matsa ruwa da iska zuwa ƙasa. Abubuwa biyu ne ke tafiyar da wannan aiki: wani sinadarin homon mai suna motilin, da jijiyoyin saƙo da ke shimfiɗe a bangon hanji. Sanin yadda suke aiki na taimakawa wajen gane dalilin da ya sa wasu magunguna ke ɗaure ciki, wasu kuma ke murɗa shi.

Hanji na da jijiyoyinsa na kansa

Ƙaramin hanjin baligi ya kai kimanin mita 6, kuma mutum ba shi da ikon motsa shi yadda yake motsa hannu ko ƙafa. A cikin bangonsa akwai raga biyu na jijiyoyin saƙo. Ɗaya tana tsakanin shimfiɗu biyu na tsoka, ita ce ke kula da motsi, kuma Bajamushe Leopold Auerbach ne ya bayyana ta a 1862. Ɗayar tana kusa da fatar ciki ta hanji, tana kula da ruwan da hanji ke fitarwa, kuma Georg Meissner ne ya bayyana ta a 1857. Ƙwayoyin jijiya da ke cikin waɗannan raga sun haura miliyan 100.

A 1899 wasu masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka yi gwaji a kan karnuka. Sun yanke jijiyoyin da ke haɗa hanji da ƙwaƙwalwa da laka, amma duk da haka idan aka taɓa wani wuri a cikin hanjin, sai sashen da ke sama da wurin ya matse, na ƙasa kuma ya saki. A 1917 Paul Trendelenburg ya nuna a Jamus cewa ko an ciro guntun hanjin ɓeran Masar an sa shi a ruwan gwaji, yana ci gaba da wannan motsi. Ke nan umarnin daga bangon hanjin yake fitowa.

Yadda abinci ke tafiya

Idan narkakken abinci ya buɗa hanji, wasu ƙwayoyin halitta da ke fatar cikinsa sukan saki sinadarin serotonin. Kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jikin mutum a hanji yake. Shi ke tayar da jijiyoyin da ke jin taɓi, su kuma su aika saƙo gaba da baya. A bayan abincin, jijiyoyi na sakin asetilkolin, wanda ke sa tsoka ta matse. A gabansa kuma suna sakin naitirik oksaid, wanda ke sa tsoka ta saki. Haka abincin ke gangarawa, kamar yadda mahauci ke matsa hanji da yatsu biyu idan yana wanke shi.

Akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta da ake kira da sunan masanin Sifaniya Ramón y Cajal, waɗanda ke ba tsoka lokacin bugawa. A tumbi suna bugawa kamar sau 3 a minti, a farkon ƙaramin hanji kamar sau 12. Su ke ƙayyade yawan matsewar da za ta iya faruwa, jijiyoyi da homon kuma su ke yanke ko za a matse ɗin da kuma ƙarfinsa.

Sharar da ake yi idan ciki ba kowa

An daɗe ana zaton hanji hutawa yake idan babu abinci. A 1969 Joseph Szurszewski, a asibitin Mayo da ke Amurka, ya gano a karnukan da ba a ba abinci ba cewa akwai wata igiyar matsewa mai ƙarfi da ke tasowa daga sama ta gangara sannu a hankali har ƙarshen ƙaramin hanji, sannan wata ta sake tasowa. Daga baya an tabbatar da ita a jikin ɗan Adam.

Zagayen kan ɗauki minti 90 zuwa 120. Da farko hanji kan yi shiru. Sai matsewa jefi-jefi ta biyo baya. Daga nan sai mataki na uku, wanda ke ɗaukar kimanin minti 5 zuwa 10, inda tsoka ke matsewa da ƙarfi ba ƙaƙƙautawa. A lokacin narkar da abinci, ƙofar da ke tsakanin tumbi da hanji ba ta barin abin da ya wuce kimanin milimita 2 ya wuce. A mataki na uku kuwa ƙofar a buɗe take, don haka ɓawo da zare-zaren ganye da duk abin da ya ƙi narkewa sai a share su gaba ɗaya, tare da majina da ƙwayoyin bakteriya. A 1977 likitoci a birnin Leuven na Beljiyam suka ba da rahoton cewa wasu marasa lafiya da bakteriya suka yi wa yawa a ƙaramin hanji ba su da wannan shara, ko kuma ta yi rauni sosai. Da zarar mutum ya ci abinci, sharar kan tsaya, hanji ya koma cuɗawa da narkarwa na wasu sa'o'i.

Aikin motilin

John Brown na Jami'ar British Columbia da ke Kanada da abokan aikinsa ne suka ware wannan homon daga hanjin alade, suka sa masa suna motilin a 1971, saboda yana sa motsi. Ƙaramin sinadari ne mai ɗauke da amino asid 22 kacal, kuma wasu ƙwayoyin halitta da ke farkon ƙaramin hanji ne ke zuba shi cikin jini.

Yawancin homon na hanji bayan cin abinci suke ƙaruwa. Motilin kuwa lokacin da ciki ba kowa yake hawa da sauka, kuma ƙololuwar hawansa na dacewa da lokacin da mataki na uku ke tasowa daga tumbi. A shekarun 1970 Zen Itoh a Japan ya nuna cewa idan aka ɗura wa kare mai jin yunwa motilin ta jijiyar jini, sharar kan taso tun lokacinta bai yi ba. A 2016 masu bincike a Leuven suka nuna cewa wannan matsewar tumbi na tafiya tare da ƙaruwar jin yunwa a jikin mutane. Wannan na iya zama dalilin da ya sa mai azumi kan ji yunwa ta taso masa, ta lafa, can kuma ta dawo.

Binciken motilin ya yi jinkiri domin ɓerayen da aka saba gwaji da su ba su da motilin mai aiki. Dole masana suka koma ga kare da zomo, da wani nau'in jaɓa na ƙasashen Asiya.

Inda jijiya ke shigowa

Motilin na iya taɓa tsoka kai tsaye, amma a adadin da ake samu a jini, yawancin aikinsa ta hanyar jijiyoyi yake bi. Yana tayar da jijiyoyin bangon tumbi su saki asetilkolin. Shi ya sa maganin atirofin, wanda ke toshe asetilkolin, kan hana matsewar ko da akwai motilin.

Akwai kuma babbar jijiyar da ake kira bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya da ƙirji ta isa tumbi da hanji. A gwajin karnuka, idan aka dakatar da aikinta sai sharar tumbi ta ɓace, amma ta ƙaramin hanji ta ci gaba, domin jijiyoyin bangon hanjin sun ishe ta. Mafi yawan zaren wannan jijiya labari suke kai wa ƙwaƙwalwa daga ciki. A ɗaya ɓangaren, jijiyoyin da ke tashi lokacin tsoro ko tashin hankali kan rage aikin tumbi, yayin da fargaba kan iya zaburar da babban hanji. Da Bahaushe ya ce hanjin wane ya kaɗa, ko cikinsa ya ɗuri ruwa, abin da jiki ke yi ne ya faɗa.

Idan tsarin ya samu matsala

Ciwon suga da ya daɗe ba a kula da shi ba kan lalata jijiyoyi da ƙwayoyin Cajal, sai tumbi ya riƙa jinkirin sauke abinci. Mai ciwon kan ƙoshi da 'yan lomomi, cikinsa ya kumbura, ya yi amai da abincin da ya ci tun sa'o'i da yawa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na eritiromaisin kan zauna a gurbin da motilin ke zama, ya yi irin aikinsa. Shi ya sa wasu da suka sha shi ke kukan murɗar ciki da tashin zuciya da gudawa. A 1990 likitocin Leuven suka nuna cewa yana gaggauta saukar abinci ga masu ciwon suga da tumbinsu ya yi nauyi. Likitoci na amfani da shi a haka na ɗan lokaci kawai, domin tasirinsa na dusashewa, yana iya rikita bugun zuciya, kuma shan sa barkatai na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Bai kamata a saye shi wurin masu tallar magani don kumburin ciki ba.

Tramadol da kodin kuwa akasin haka suke yi. Suna kama jijiyoyin bangon hanji su rage turawa, abinci ya daɗe, hanji ya tsotse ruwansa, bayan gida ya yi tauri. Wannan matsala ce sananna ga masu shan waɗannan ƙwayoyi kullum, waɗanda amfani da su ba bisa ƙa'ida ba ya yaɗu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Maganin tsayar da gudawa na loperamid ta wannan hanya yake aiki, kuma ba a ba ƙananan yara shi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga yaro mai gudawa shi ne ruwan gishiri da suga da ƙwayar zink, tare da ci gaba da shayarwa da ciyarwa.

Akwai jariran da ake haifa babu jijiyoyi a ƙarshen babban hanjinsu, cutar da ake kira da sunan likitan Denmak Harald Hirschsprung. Tana samun kimanin jariri 1 cikin 5,000. Sashen da ba shi da jijiya ba ya saki, sai kashi ya taru a samansa. Jaririn da bai yi baƙin kashin farko ba cikin sa'o'i 48, cikinsa ya kumbura ko yana koren amai, asibiti ya kamata a kai shi nan take, domin tiyata ce maganin.

Ƙugin ciki shi kaɗai, ba tare da ciwo ba, alama ce cewa tumbi da hanji na aikinsu. Wanda ke buƙatar ganin likita da gaggawa shi ne wanda cikinsa ya kumbura yana ciwo, yana amai, ba ya bayan gida kuma ba ya fitar da iska, ko wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko yake ramewa ba dalili.