Noman Zoɓo: Furen Da Ke Kawo Kuɗi

A da, yawancin manoma a iyakar gona suke shuka yakuwa. Mata su tsinki ganyen su yi miya ko fate. A jiƙa jan zoɓon a sha lokacin zafi ko da azumi. Shi ke nan amfaninsa. Yanzu kuwa zoɓo ya zama kayan sayarwa. 'Yan kasuwa suna sayen busasshen zoɓo buhu-buhu a jihohin Jigawa da Kano da Katsina. Kasuwar Maigatari, a kan iyakar Nijeriya da Nijar, ta yi suna a wannan ciniki. Daga nan ana kai shi ƙasashen waje, musamman Meziko, inda mutane ke shan ruwansa kamar yadda ake sha a nan. Mutanen Sudan da Senegal ma suna nomansa sosai.

Amma ba kowane zoɓo ne yake samun kuɗi mai kyau ba. Mai saye yana duba ja, da tsabta, da bushewa. Manomi zai iya yin wahalar damina guda, a ƙarshe a karya masa farashi saboda yashi ko funfuna. Ga yadda za a kauce wa haka.

Zaɓen Gona

Zoɓo yana son ƙasa mai sauƙi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ƙasar jigawa da ake noman gero da gyaɗa ta dace da shi. Ba ya son laka ko kwari. Idan ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwar takan ruɓe, shukar ta yi yaushi ta mutu. Yana kuma son rana, don haka a guji inuwar manyan itatuwa.

Kada a shuka shi inda aka cire kuɓewa ko rama ko tumatir bara. Akwai ƙananan tsutsotsi a cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Suna kama duk waɗannan shuke-shuke. Ya fi kyau zoɓo ya bi bayan gero ko dawa.

Tun da bazara manomi ya yi sharar gona. Ya kai takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai ya baza. Idan ruwa ya sauka sai a yi huɗa.

Lokacin Shuka

Nan ne mutane da yawa suke yin asara. Zoɓo ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wato wajen watan Satumba zuwa Oktoba. Ko an shuka da wuri, ko an makara, kusan lokaci ɗaya zai yi fure. Wanda ya shuka da wuri, shukarsa za ta yi tsawo da rassa masu yawa kafin lokacin. Kowane reshe kuwa yana ɗaukar furanni. Wanda ya makara, shukarsa tana ƙarama za ta yi fure, abin da zai samu kaɗan ne.

Saboda haka a shuka da zarar damina ta kankama, daga watan Yuni zuwa farkon Yuli. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Yadda Ake Shuka

1. A zaɓi iri mai kyau. Irin zoɓo shi ne gurguzu. A samo na zoɓo mai ja sosai, mai kauri. A fitar da wanda ƙwari suka huda.
2. Tsakanin kunya da kunya ya zama kamar santimita 75, wato taku ɗaya.
3. Tsakanin rami da rami ya zama kamar santimita 45, wato kamu ɗaya.
4. A sa ƙwaya 3 ko 4 a kowane rami. Zurfin ramin kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Idan ya yi zurfi da yawa, irin ba zai fito ba.
5. Cikin mako guda zai tsiro. Bayan mako 2 ko 3 a rage, a bar tushe 2 masu ƙarfi a kowane rami. Wanda aka cire ba asara ba ne, kayan miya ne.

Wanda ba shi da gona mai faɗi yana iya haɗa zoɓo da gero ko gyaɗa. Mata ma suna iya shuka shi a bayan gida.

Kula Da Shuka

Zoɓo yana da jinkirin girma a farko. A wannan lokaci ciyawa tana iya danne shi. A yi noman firi bayan mako 2 ko 3 da tsira. A yi maimai bayan wani mako 3. Idan ya yi rassa ya rufe ƙasa, ciyawa ba ta da ƙarfi kuma.

A yi hankali da takin zamani. Idan yuriya ta yi yawa, ganye ne zai cika, fure ya yi kaɗan. Mai son sa taki ya tambayi malamin gona na yankinsu gwargwadon da ya dace da gonarsa.

Akwai ƙananan ƙwari masu tsalle da ke huda ganye. Akwai kuma jan ƙwaro irin na auduga mai tsotsar 'ya'ya. Ana iya daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Kada a fesa maganin ƙwari mai guba idan girbi ya kusa. Abin sha ne mutane za su yi da shi.

Girbi

Furen zoɓo yakan buɗe da safe, kafin yamma ya yi yaushi, daga baya ya faɗi. Jan ƙoƙon da ke gindin furen shi ne zoɓon da ake sayarwa. Yakan yi ta kumbura bayan furen ya faɗi. Bayan mako 2 zuwa 3 ya isa tsinka. Na ƙasa ne ke fara nuna, don haka ana iya zagayawa sau biyu ko uku.

Bayan an tsinka, a ɓare shi a cire ƙwallon da ke ciki. Ƙwallon yana da gashi mai ƙaiƙayi, sai a sa safar hannu. A bar wasu tushe masu kyau su bushe a gona domin irin baɗi. Sauran gurguzun kuma mata suna yin daddawar batso da shi.

Shanya Da Ajiya

A shanya zoɓo a kan tabarma ko tamfol mai tsabta. Kada a shanya a ƙasa ko a bakin titi. A baza shi ba kauri, a riƙa juyawa. Da yamma a kwashe saboda raɓa. A hana awaki da kaji zuwa wurin. Idan aka damƙa aka ji yana ƙaras-ƙaras, ya bushe.

Manomi ya sani zoɓo yana raguwa ƙwarai. Kilo 10 na ɗanye yakan koma kamar kilo 1 idan ya bushe. Wannan yana sa wasu su yayyafa ruwa ko su zuba yashi don ya yi nauyi. Wannan ha'inci ne, kuma asara ce. Zoɓo mai laima yana yin funfuna ya yi baƙi. Mai saye idan ya gane, ba zai sake komawa garin ba. Laifin mutum ɗaya sai ya shafi kowa.

A zuba busasshen zoɓo a buhu mai tsabta wanda ba a taɓa sa taki ko magani a ciki ba. A jera buhunan a kan katako, a ɗaki mai iska, nesa da hatsin da ƙwari suka kama.

Manoman gari ɗaya suna iya haɗa kai su tara kayansu su sayar tare. Mai buhu 50 ya fi mai buhu 2 bakin magana a gaban dillali. Wanda ya iya karatu da lissafi kuma zai duba sikeli da idonsa, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.