Tangaraho Bai Raba Sahun Salla Ba

Daga Yekuwa ta ƙasar Magariya zuwa 'Yardaje ta ƙasar Daura tafiyar hantsi ce a ƙafa. Harshe ɗaya ne, ga auratayya, amma a tsakani akwai tangaraho, turakun ƙarfen da Faransa da Ingila suka kakkafa daga 1906 zuwa 1908. Ba'amurke William Miles ya zauna a garuruwan biyu, a 1994 ya fitar da littafi kan yadda iyakar ta raba 'yan'uwa.

Saurayin Magariya ko Dungas da wannan rabuwa ya tashi. Mushe ya koya masa Faransanci a lakwal, ran Alhamis yana kasuwar Maigatari yana ciniki da naira, kaka na wucewa sai cin rani Kano, don gonar gado ta tsuke. Can a kira shi ɗan Nijar, ya dawo gida a ce bakinsa ya koma na Kanawa.

Inda ba a tambayarsa ko shi ɗan ina ne, masallaci. Baƙon da ya sauka tasha da ƙullin kayansa, ya shiga da'irar wazifa bayan magariba, yakan samu tabarma da ƙwaryar tuwo a zawiyar Tijjanawa, wani lokaci har da ubangida. Izala kuwa, da aka kafa a Jos a 1978, ta biyo 'yan kasuwa da 'yan cin rani, da farko a kaset, yanzu a waya. Ta ja matasa da karatun littafi kai tsaye da rage ɗawainiyar biki. Ko da aka rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ciniki ne ya sha wuya. Wa'azi bai daina tsallakowa ba.

Sai dai abin ya zo da nasa ciwon. Saɓanin ɗariƙa da Izala ya shiga gidaje, har wa da ƙane kan raba masallaci. Mafi zafi shi ne ƙananan yaran da ake turawa almajiranci Kano da Jigawa, ba takardar haihuwa, ba mai sanin inda suke kwana.

Malaman ɓangarorin biyu da sarakunan Magariya da Daura su ne jama'a ke ji. Ya kamata su zauna a kan batun yaran nan kafin wani rani ya kama.