Rajistar gonarka: suna kawai ko kamfani?

Tambayar da aka fi yi mini a makon nan ita ce: wace irin rajista ta dace da mai ƙaramin keji a Yakasai, ko mai tankin tarwaɗa a Ƙofar Mazugal?

Dokar da ke aiki yanzu ita ce CAMA, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020. Hukumar CAC ce ke yin rajistar.

Na farko, rajistar sunan kasuwanci. Ita ta fi sauƙi da araha, kuma za ka iya buɗe asusun banki da sunan gonar. Amma fa a idon doka kai da gonar abu ɗaya ne. Idan murar tsuntsaye ta share keji, kamar yadda ta yi wa gonakin Kano a 2006 da 2015, mai bin ka kuɗin abincin kaji zai iya bin motarka da sauran kadarorinka.

Na biyu, kamfani mai Limited. Shi doka ta ɗauke shi tamkar mutum mai zaman kansa, ƙa'idar da ta kafu tun shari'ar Salomon a Ingila a 1897. Bashin kamfani na kamfani ne. Yanzu mutum ɗaya ma zai iya kafa shi, da hannun jarin da bai gaza naira 100,000 a takarda ba. Sai dai akwai rahoton shekara da dole a kai wa CAC. Kuma in ka tsaya wa kamfanin a banki da sunanka, to bashin ya dawo wuyanka.

Na uku, haɗin gwiwa. Ku biyu ko uku kun haɗa jari, ba takarda, sai amana. Ku sani, bashin da ɗayanku ya ci da sunan gonar ya hau kanku duka. CAMA ta kawo tsarin LLP don rage wannan haɗarin. In kuna da yawa, ku duba ƙungiyar gama kai, ita a wajen gwamnatin jiha ake yi mata rajista.

Sai batun wakilci. In ka saba aiken yaron gona ya karɓo buhunan abinci bashi, kana biya, ya zama wakilinka a idon mai shago. Ranar da kuka rabu, ka sanar da duk wanda kuke hulɗa da shi, in ba haka ba, abin da ya karɓa daga baya kai za a nema.

Shawarata, mai kaji 200 ya fara da rajistar suna. Ranar da bashi ko jarin wani zai shigo, a zauna da lauya a koma kamfani. Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.