Asalin Manyan Karnuka Da Ayyukan Da Aka San Su Da Su

A Betso da sauran ƙauyukan da ke gindin duwatsun Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, kare ma'aikaci ne tun kaka da kakanni. Shi ke raka maharbi daji, shi ke korar birai daga gona, shi ke kwana a bakin garke. A birane kuwa, masu hali sun koma sayen manyan karnuka 'yan ƙasashen waje domin gadin gida, sau da yawa ba tare da sanin aikin da aka raini kakanninsu a kansa ba.

Masana sun nuna cewa kare ya samo asali ne daga kyarkeci, kuma ya fara zama da ɗan Adam fiye da shekaru 14,000 da suka wuce. Daga nan kowace al'umma ta riƙa zaɓen irin da ya dace da buƙatarta.

Karen da ake kira German Shepherd, wanda 'yan sanda ke amfani da shi a yau, asalinsa makiyayin tumaki ne. Wani tsohon hafsan soja a Jamus, Max von Stephanitz, shi ya daidaita irinsa a shekarar 1899. Rottweiler ya ɗauki sunan garin Rottweil na Jamus, inda mahauta ke sa shi kora shanu zuwa kasuwa da jan amalanken nama. Boerboel na Afirka ta Kudu mai tsaron gidan gona ne, yayin da Kangal na Turkiyya ke kare tumaki daga kyarkeci.

Yankin Sahel ma yana da nasa. Azawak dogo ne siriri mai tsananin gudu, wanda Buzaye da wasu makiyaya a Nijar, Mali da Burkina Faso ke farautar barewa da zomo da shi, tare da gadin zango. Sai a shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. Gajeren gashinsa da rashin kitse sun sa yake jure zafi, saɓanin karnuka masu kaurin gashi da aka raina a ƙasashe masu sanyi.

Wannan tarihi ya yi daidai da abin da malaman Musulunci suka bayyana, cewa an halatta ajiye kare domin farauta, kiwo da tsaron gona.

Matsala na tasowa ne idan aka ɗaure karen da aka saba wa yini yana zagaya garke a wani lungu, ba motsi, ba horo, ga zafin rana. Irin wannan yakan zama mafaɗaci, kuma yara ne suka fi shiga haɗari.

Babbar barazana ita ce ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na samar da rigakafinsa ga karnuka. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana da wuya a tsira.