Duban Daji Kafin A Kafa Tunga

Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta bi ta Funtuwa, aka gama ta a 1929. Auduga ta sami kasuwa. Manoma suka yi ta gangarowa daga arewa, suna saran daji a ƙasar Maska da Ɗandume. Amma ba a saran daji da ka, sai an duba.

Abu na fari ruwa. Da bazara ake zuwa dubawa, don da damina kowane kwari rafi ne. In an tona yashin rafi a watan Afrilu an sami ruwa, to, rijiya za ta yi.

Sai ƙasa. Inda gamba ta yi tsawo ta shanye mutum, akwai ƙarfi, dawa da auduga za su yi. Inda fartanya ta ci karo da marmara, a wuce. In an ga kukoki da tsingaro, kufai ne. A tambayi tsofaffi abin da ya tashi mutanen.

Gindin dutse yana da ruɗi. Ƙasarsa baƙa ce, amma in aka sare itatuwan gangare, ruwa zai kwashe ta ya bar kwazazzabo. Ga kuma birai, ba sa barin masara. Kurmin bakin rafi kuwa gidan tsando ne, mai sa wa shanu sammore, mutane ciwon barci. A yi gida kan tudu, nesa da kurmi.

Kafin a ɗaga gatari, a je wurin Dagaci ya nuna iyakar gandun daji da burtalin Fulani.