Iskar Dariya: Yadda Ake Kwantar wa Yaro Hankali Wurin Likitan Haƙori

Jama'a, da yawa daga cikinmu a Hartum da Umdurman ba ma kai yaro wurin likitan haƙori sai kumatu ya kumbura, barci ya gagari kowa a gida. Mukan ce ai zai yi famfara. To amma turamen yarinta ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12, kuma idan suka ruɓe, ciwon yana iya taɓa haƙoran girma da ke ƙarƙashinsu. Ga shayinmu sukari kamar a tsaya da cokali, ga alawa a ƙofar kowace makaranta. Mu malamai mun sha ganin ɗalibi ya kifa kai a tebur, karatu ya gagara saboda haƙori.

Babban abin da ke hana mu zuwa shi ne tsoro. Yaro na tsoron allura, iyaye na tsoron banj, wato maganin sa barci. Akwai wata hanya tsaka-tsaki, ita ce iskar naitiros oksaid, wadda ake yi wa laƙabi da iskar dariya. Wani Baturen Ingila, Joseph Priestley, ya gano ta a 1772. A 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙe ta aka cire masa haƙori bai ji zafi ba.

Likita yakan ɗora wa yaro ɗan murfin roba a hanci, ya gauraya iskar da oksijin, kuma oksijin ɗin ba ya yin ƙasa da kashi 30 cikin 100. Cikin 'yan mintoci jikin yaro ya saki, fargaba ta kwanta. Ba barci yake yi ba. Yana ji, yana amsa magana. Sau da yawa akan yi allurar kashe dasashi duk da haka, sai dai yaron ba ya damuwa da ita. In an gama, a ba shi oksijin zalla kamar minti 5, ya wartsake.

Illar da aka fi gani ita ce tashin zuciya ko amai, don haka kada a cika masa ciki kafin a je. In yana mura hanci ya toshe, a ɗage ranar. In yana da ciwon kunne, ko ciwon sikila, ko wani magani da yake sha, a faɗa wa likita tun farko.

Jami'ar Hartum ta fara horar da likitocin haƙori a 1971. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya rufe asibitoci masu yawa, kuma ba kowane likita ke da na'urar iskar ba. Saboda haka mu tambaya: akwai iskar? Wa zai lura da numfashin yaron? Rashinta kuma kada ya sa mu kai jariri a tsaga masa dasashi, abin da ake kira haifat, domin yana jawo zubar jini da lalacewar haƙori.

Rigakafi ya fi magani. Mu rage wa yara zaƙi, mu koya masu asuwaki ko buroshi safe da dare. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya, amin.